Myself, Himself, Themselves: Tambayoyi da Amsoshi kan Zamansu da Aikatau da Sifa a Turanci

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, da ma'aikatan da ke rubuta wasiƙa da Turanci a ofis, duk suna tuntuɓe a kan waɗannan 'yan kalmomi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, Bahaushe ya riga ya san fiye da rabin darasin tun daga gida, domin "kaina" da "kanka" da "kansa" aiki iri ɗaya suke yi da su myself da yourself da himself. Ragowar kuwa sai an haddace kowace tare da aikatau ko sifar da take tafiya da ita.

Waɗanne kalmomi ne, kuma mene ne aikinsu?

Wakilan suna ne da ke mai da aiki kan wanda ya yi shi. Na tilo su ne myself, yourself, himself, herself, itself. Na jam'i kuma ourselves, yourselves, themselves. Akwai oneself, wadda ake yawan gani a ƙamus. Idan mai aikin da wanda aikin ya faɗa wa mutum ɗaya ne a cikin jimla ɗaya, to nan ne wurinsu. "Audu hurt him" na nufin Audu ya ji wa wani ciwo. "Audu hurt himself" na nufin ya ji wa kansa.

A lura da abu biyu. Turanci ba ya bambanta "kanka" da "kanki", duka yourself ne. Sannan ko da dattijo kake magana, wanda a Hausa za ka ce masa "ku kula da kanku", a Turanci "take care of yourself" za ka ce, tunda shi kaɗai ne. Yourselves sai mutum biyu zuwa sama.

Me ya sa ake cewa myself amma ba a cewa hisself?

Tarihi ne ya bar su haka. Myself da yourself da ourselves an gina su kan my, your, our, amma himself da themselves an gina su kan him da them. Ana jin hisself da theirselves a wasu karuruwan harshen Turanci na Ingila da Amurka, sai dai ba su cikin daidaitaccen Turanci, kuma mai duba jarrabawa zai ja musu jan biro.

Akwai aikatau da ba sa tsayawa sai da su?

Akwai, kuma a nan ne Hausa take daina yi maka jagora. Mu muna cewa "mun ji daɗi" mu yi shiru, magana ta cika. Amma enjoy a daidaitaccen Turanci tana neman abin da za ta faɗa a kai. Wanda ya dawo daga biki ya rubuta "we really enjoyed" ya bar jimlar a rataye. Ko dai ya ce "we enjoyed the wedding", ko ya ce "we enjoyed ourselves".

Wasu kuma, a irin ma'anar da ke tafe, da waɗannan wakilan suna suke tafiya. "She prides herself on her cooking", wato tana tutiya da iya girkinta. "He availed himself of the opportunity", ya yi amfani da damar da ya samu. "He absented himself from the meeting", ya ƙi halartar taron. "The witness perjured himself", mai shaida ya yi rantsuwa kan ƙarya a kotu. Dubi ƙananan kalmomin da ke biye: on, of, from. Kada ka haddace pride ita kaɗai. Haddace "pride oneself on" gaba ɗaya.

Akwai waɗanda ma'anarsu ke sauyawa da zarar wakilin sunan ya shigo. Idan mai masauki ya ajiye tire ya ce "help yourself", ba cewa yake ka taimaki kanka ba, bisimilla yake yi maka, ka ɗiba yadda kake so. "Behave yourself" ita ce tsawar da uwa ke yi wa yaro ya natsu. "Suit yourself" kuwa tana da ɗan zafi, kamar a ce "yi yadda ka ga dama".

To waɗanda ba sa buƙatarsu fa?

Ayyukan da kowa ya san mutum kansa yake yi wa: wash, shave, dress. "He washed, dressed and went out" ta wadatar, kamar yadda muke cewa ya yi wanka ya sa kaya ya fita. Ana kawo himself ne idan yin abin ya zama labari, misali yaro ɗan shekara 3 da ya fara sa riga ba tare da taimako ba: "he can dress himself now". Haka feel da relax da concentrate: "I feel tired" ake cewa, ba "I feel myself tired" ba.

Yaya suke haɗuwa da sifa?

Ta hanya biyu, kuma wannan ne ɓangaren da na fi son ɗalibi ya tsaya a kai.

Ta farko, sifa ta zo, ƙaramar kalma ta biyo, sai wakilin suna: "proud of herself", "ashamed of himself", "pleased with themselves", "angry with myself", "sure of yourself". Kowace sifa da abokiyar tafiyarta. Proud da ashamed da sure suna ɗaukar of, pleased tana ɗaukar with. A nan ma sauya kalma ɗaya na sauya labari. "Binta is proud of her" wata ce Binta ke alfahari da ita, wataƙila 'yarta. "Binta is proud of herself" da kanta take alfahari. Idan aka ce mutum "is full of himself", ba yabo ba ne, yana ji da kansa ke nan.

Ta biyu, aikatau ya fara, wakilin suna ya shiga tsakiya, sifa ta rufe, babu wata ƙaramar kalma a tsakani. "Make yourself comfortable", ka saki jiki. "Keep yourself warm", abin da za a ce wa mutum da hunturu. "Consider yourself lucky", ka ɗauka ka yi sa'a. "She found herself alone", sai ta tsinci kanta ita kaɗai, kuma a nan Hausa da Turanci sun zo ɗaya. Shugaba idan ya gama kashedi yakan ce "have I made myself clear?"

Cikin wannan hanya ta biyu akwai wani gini mai ban sha'awa. Shout da laugh ba sa faɗawa kan mutum kai tsaye. Ba ka cewa "he shouted himself" ka yi shiru. Amma ana cewa "he shouted himself hoarse". Ka tuna ɗan kallon ƙwallo a gidan kallo, ƙungiyarsa ta ci a minti na 90, ya yi ta ihu, da safe ya buɗe baki muryar ta ƙi fita. Sifar hoarse ita ce sakamakon ihun. Mu da "har" muke faɗin wannan: ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Haka "they laughed themselves sick", sun yi dariya har cikinsu ya ƙulle. Duk inda ka ga wannan gini, sa "har" a zuciyarka, ma'ana za ta fito.

"They love themselves" daidai ne idan ana maganar miji da mata?

A daidaitaccen Turanci ma'anarta kowannensu kansa yake so. Idan juna ake nufi, "they love each other" ko "one another" ake cewa. Wannan amfani da themselves a madadin each other ya yaɗu sosai a Turancin Najeriya, har ana jin "we know ourselves" a bakin masu ilimi. A hira za a gane ka, amma a jarrabawa kuskure ne. Bahaushe kuwa yana da makami a hannu: mai da jimlar Hausa. Idan "juna" ta fito, rubuta each other. Idan "kansu" ta fito, rubuta themselves.

Bayan kalmomin wuri fa, kamar beside da with?

A nan galibi wakilin suna na yau da kullum ake sawa: "she put the bag beside her", "he took the money with him". "Beside himself" ma'ana ce daban, mutum ya fita hayyacinsa don fushi ko damuwa ko murna. "By myself" kuma ni kaɗai, ko ba da taimakon kowa ba.

Na ga ana rubuta "send it to Musa or myself". Ya halatta?

Ana yawan yi, har a Ingila, saboda mutane suna jin myself ta fi me ladabi. Masu koyar da nahawu da yawa ba su yarda da shi ba, ni ma ban ba ɗalibi shawarar yi ba. Gwajin mai sauƙi ne: cire sunan Musa ka karanta. Ba za ka ce wa wani "send it to myself" ba, don haka "to Musa or me" ne. Haka "myself and my brother went" gara ta koma "my brother and I went".

Inda myself ke da hurumi ba tare da aiki ya koma kanta ba shi ne wajen ƙarfafawa. "I saw it myself", ni da kaina na gani. "The Emir himself came", Sarki da kansa ya zo. A irin wannan, ko ka cire ta jimlar tana tsaye, ƙarfin ne kawai ya ragu. Amma cire himself daga "Audu blamed himself" ka ga jimlar ta rushe.