Waiwaye: Tun yaushe aka san ƙanƙanta na sauya ginin ƙarfe?

Muhawarar da ake yi kan ƙananan ƙwayoyin azurfa da ake sakawa a bandeji da safa da man shafawa ta ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: shin azurfar da girmanta bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) daidai take da wadda maƙera ke yin zobe da ita? Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba.

Kowa kan ambaci Michael Faraday, wanda a 1857 ya nuna cewa zinariya kan koma ja idan ta warwatsu cikin ruwa, da jawabin da masanin kimiyya Richard Feynman ya yi a 1959 kan sarrafa abubuwa masu matuƙar ƙanƙanta. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne aikin Shozo Ino a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1966. Ino ya turara zinariya a kan gishiri cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya duba da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da ilektaron, sai ya ga ƙwayoyi masu fuska ashirin da masu fuska goma, waɗanda sassa biyar ke haɗuwa a kusurwarsu. Babban curin zinariya ba ya ɗaukar wannan siffa, domin jerin ƙwayoyin zarransa (wato atom) na siffar kubu ne, kamar akwatin da dukkan gefensa daidai suke.

Idan aka jera sassan nan biyar kamar ɓarin lemo, ba sa haɗe baki. Akwai giɓin kusan digiri 7 da ya rage, dole ƙwayoyin zarra su miƙe su toshe shi. Ƙaramar ƙwaya tana jure wannan takura saboda sauƙin da take samu a fatarta, inda kaso mai yawa na zarranta yake, amma da zarar ta girma sai takurar ta fi ƙarfinta, ta koma tsarin da aka saba. A ganina, tun daga nan ya kamata a daina auna ƙarfe da sunansa da nauyinsa kaɗai, sai dai binciken ya daɗe a hannun masana kimiyyar fiziks, bai isa ga masu nazarin lafiya da wuri ba.

Sauran hujjoji sun biyo baya. A 1976 Buffat da Borel suka nuna ƙananan ƙwayoyin zinariya na narkewa ƙasa da zafin digiri 1064 na ma'aunin Celsius da aka sani, a 1987 kuma Masatake Haruta ya gano zinariyar da ake ɗauka ba ta tsoma baki a haɗin sinadarai tana gaggauta shi idan ta ƙanƙance. Ita ma azurfar da ake gardama a kanta, siraran wayoyinta kan fito da gefe biyar.