Waiwaye: Taƙaddamar haƙƙin ƙirƙira da cinikin lasisi

Tun a shekarar 1474 mahukuntan birnin Venice suka kafa dokar da ta bai wa duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura damar cin moriyarta shi kaɗai na shekara 10, Ingila kuma ta kafa tata a 1624 da wa'adin shekara 14. Sharaɗin shi ne mai ƙirƙira ya bayyana sirrin aikinsa, hukuma kuwa ta hana kowa kwaikwayonsa har wa'adin ya cika. Ba kowa ne ya gamsu ba, domin ƙasar Holan ta soke tsarin a 1869, ba ta dawo da shi ba sai 1912.

Gardamar ta ƙara zafi ne lokacin da takardar haƙƙin kanta ta zama haja. Wani lauya a Amurka, George Selden, ya nemi haƙƙin motar da ke aiki da fetur a 1879, ya yi ta jan ƙafa har aka ba shi a 1895, daidai lokacin da masana'antar ke kankama. Masu ƙera motoci da dama suka riƙa biyan kuɗin lasisi, amma Henry Ford ya yi kememe ya ƙi, kuma a 1911 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa injinsa daban ne da na Selden.

An maimaita irin wannan a 2006, inda kamfanin da ke ƙera wayar BlackBerry ya biya kamfanin NTP, wanda ba ya ƙera waya ko ɗaya amma ya kai shi ƙara kan keta haƙƙin ƙirƙirarsa, dala miliyan 612.5, saboda tsoron kada kotu ta rufe masa harkarsa a Amurka. A ganina nan ne bakin zaren yake, domin barazanar dakatar da kamfani gaba ɗaya tana sa ya biya fiye da darajar fasahar. Bayan wata biyu, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar eBay da MercExchange cewa keta haƙƙi kaɗai bai wajabta wa alƙali bayar da umarnin dakatarwa ba.

Masu sukar hukuncin suna da hujjarsu. Jami'o'i da ƙananan masu ƙirƙira ba su da masana'anta, da lasisi suke samun ladan wahalarsu, kuma idan babban kamfani ya san diyya kawai zai biya, zai iya amfani da fasahar ya ce a haɗu a kotu.

A fannin magunguna kuwa batun ya shafi rayuka. Yarjejeniyar TRIPS ta 1995, wadda ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallakar fasaha, ta tsayar da wa'adin shekara 20, amma a 2001 kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka shigar da Afirka ta Kudu kan dokar sauƙaƙa farashin magunguna, sannan Sanarwar Doha, wadda ƙasashen ƙungiyar suka fitar a wannan shekara, ta jaddada ikon ƙasashe na bayar da lasisin dole, wato gwamnati ta ba wani kamfani izinin sarrafa magani ba tare da yardar mai haƙƙin ba. Indiya ta yi amfani da wannan iko a 2012, ta bai wa kamfanin Natco izinin sarrafa Nexavar, maganin ciwon daji na kamfanin Bayer, bisa sharaɗin ya riƙa biyan Bayer wani kaso na cinikinsa.