Zane-zanen Doré a Littafi Mai Tsarki na 1866: ga amsoshin, a daina maimaita mini tambaya

Wane ne Doré ɗin?

Gustave Doré, Bafaranshe, an haife shi a Strasbourg a 1832, ya rasu a Paris a 1883. A 1866 kamfanin Mame na garin Tours ya buga Littafi Mai Tsarki ɗauke da zanensa sama da 200.

Hoton kyamara ne?

A'a. Sassaƙa ce a kan katako.

Shi ya sassaƙa da hannunsa?

Nan ne raina ke ɓaci. Doré zane ya yi a fuskar katakon, sai masu sassaƙa irin su Héliodore Pisan da Adolphe Pannemaker suka bi da ɗan ƙarfe mai tsini suna ƙwaƙule duk inda zai fito fari. Abin da suka bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada. Dubi hadarin da ke cikin zanen ruwan Tufana, siraran layuka ne jere kamar zaren saƙa, kowanne da hannu aka fitar. Sunan mai sassaƙa yana nan a ƙasan zanen a gefe guda, na Doré kuma a ɗaya gefen. Ku riƙa karantawa, don Allah.

Na sayi shafi guda, ta yaya zan gane na 1866 ne?

Da wuya a yanke hukunci daga shafi ɗaya, kuma duk wanda ya rantse maka daga hoton waya, kada ka saki jiki da shi. Fara da gilashin ƙara girma. In ka ga inuwar ta farfashe zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, bugun baya ne da aka ɗauko ta hanyar hoto. In layuka ne tsaf masu kaifi, da alamar tsoho ne, amma ko nan ban ce na Tours ba ne. An yi kwafin katakan da jan ƙarfe, kamfanin Cassell na Landan ya buga nasa da su, aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru. Rubutun ƙasan zanen zai taimaka, Faransanci ne ko Turanci, in dai ba a datse shi ba. Bugun da farantinsa, wato kwafin jan ƙarfen, ya gaji yakan fito da layuka a cushe, sai dai yawan tawada ma na jawo haka. Kada ka damu in naka na Landan ne, galibinsu su ma aikin ƙarni na 19 ne.

Akwai jajayen tabo a takardar, in wanke?

Kada ka kuskura. Tsufa ne da laima. Ajiye shi a busasshen wuri, nesa da rana.

In yanke zanen daga littafin in rataye a bango?

Haba! Saboda masu yankan ne cikakkun kwafi ke ƙara wuya. An yi zanen ne don a gan shi kusa da ayar da yake bayani. In ado kake so, ɗauki hotonsa ka kai a buga maka, ka bar littafin yadda ka same shi.