Ella Fitzgerald Sings the Cole Porter Song Book

Wannan shi ne sunan kundin waƙoƙin da mawaƙiyar jaz ta Amurka, Ella Fitzgerald, ta fitar a shekarar 1956. Faifai biyu ne a cikin kwali ɗaya, ɗauke da waƙoƙi 32, dukkansu na Cole Porter, marubucin waƙoƙin wasannin dandali da finafinai. Shi ne kundi na farko da kamfanin Verve ya fitar, kuma da shi aka buɗe jerin kundaye takwas da Ella ta yi tsakanin 1956 da 1964, kowanne na waƙoƙin marubuci ɗaya ko abokan aiki biyu.

Asalin aikin

An haifi Ella a garin Newport News na jihar Virginia a 1917. Ta fara suna ne bayan ta ci gasar sababbin mawaƙa a dandalin Apollo da ke unguwar Harlem a 1934, daga nan ta shiga ƙungiyar makaɗi Chick Webb. Ta yi kusan shekara ashirin tana aiki da kamfanin Decca, wanda ya fi ba ta waƙoƙin yayi masu saurin shiga kasuwa. A wajen masu sauraron jaz kuwa, an fi saninta da salon nan na rera sautuka marasa kalmomi, inda murya ke bin sawun ƙaho kamar ita ma kayan busa ce.

Manajanta Norman Granz ya ga cewa muryar ta fi ƙarfin abin da ake ba ta. Granz ya shahara da shirya wasannin jaz tun 1944, da kuma ƙin yarda a raba wa baƙaƙe da farare wurin zama a zaurukan da makaɗansa ke wasa. Ya raba ta da Decca, ya kafa Verve a 1956, ya kuma ɗora mata aikin da ya daɗe yana ƙudurtawa: ta ɗauki marubuci guda, ta bi waƙoƙinsa daki-daki.

Shi Cole Porter, wanda aka haifa a jihar Indiana a 1891, ya bambanta da yawancin takwarorinsa domin shi kaɗai yake rubuta baituka ya kuma tsara karinsu. Baitukansa cike suke da wasa da kalmomi da zaurance, wasu kuma da baƙin ciki a lulluɓe cikin raha.

Ɗaukar sauti da salon rerawa

An ɗauki waƙoƙin a Los Angeles a watannin Fabrairu da Maris na 1956. Buddy Bregman, matashi ɗan shekara 25 a lokacin, shi ya tsara kiɗan ya kuma jagoranci makaɗan. Daga cikin waƙoƙin akwai "Night and Day", "Begin the Beguine", "Anything Goes", "Love for Sale" da "Ev'ry Time We Say Goodbye".

Abin da ya fi ɗaukar hankali a kundin shi ne yadda Ella ta kame kanta. Mace ce da za ta iya karya kowane kari ta sake gina shi a gaban jama'a, amma a nan ta ajiye gwanintar a gefe, ta bar kalmomi su yi magana. Tana fitar da kowane harafi tsaf, ba ta haɗiye ƙarshen kalma, ba ta kuma jan baiti fiye da yadda aka rubuta shi sai inda ma'ana ta nema. A wasu waƙoƙin ta haɗa har da baitukan shimfiɗa, waɗanda mawaƙa da yawa kan tsallake su faɗa amshi kai tsaye. A "Miss Otis Regrets", labarin matar da ta harbe saurayin da ya yaudare ta, piyanon Paul Smith kaɗai ke raka ta. Ta rera ta a natse, ba kuka ba ɗaga murya, kuma natsuwar ce ke sa mai sauraro jin nauyin labarin.

Wasu masana sun soki tsarin kiɗan Bregman, suna ganin bai kai na Nelson Riddle ba, wanda ya yi aiki da ita daga baya a kundin 'yan'uwan nan George da Ira Gershwin. Wasu kuma sun ce muryarta ta cika haske, ba ta kai ga ɗacin da ke cikin wasu baitukan Porter ba. Sukar farko tana da kamshin gaskiya a 'yan wurare. Ta biyun kuwa da wuya ta tsaya idan aka saurari "Ev'ry Time We Say Goodbye" da kunnen basira.

Tasirinsa

Kundin ya samu kasuwa sosai, ya kai Ella gidajen mutanen da ba su taɓa sayen faifan jaz ba. Kafin shi, yawancin waƙoƙin nan a warwatse suke cikin tsofaffin wasannin Broadway, wato unguwar gidajen wasan dandali ta birnin New York, da finafinan da aka fara mantawa. Tara su wuri guda a ƙarƙashin sunan marubucinsu ya taimaka wajen sa a ɗauke su a matsayin gado na ƙasa. Akwai kuma abin lura a tarihin Amurka na lokacin: baƙar mace, a zamanin wariyar launin fata, ita ce ta zama muryar da ake auna waƙoƙin fararen marubuta da ita.

Bayansa ta yi kundin Rodgers da Hart a 1956, na Duke Ellington a 1957, na Irving Berlin a 1958, na Gershwin a 1959, na Harold Arlen a 1961, na Jerome Kern a 1963, sannan na Johnny Mercer a 1964, shekarar da Cole Porter ya rasu. Kundin Porter bai ci kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ba domin ba a fara ba da ita ba sai 1959, amma an shigar da shi zauren girmamawa na Grammy a 2000. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ma ya sanya shi cikin jerin sautukan da ake adanawa na shekarar 2003. Ella ta rasu a 1996 tana da shekara 79.