Firitilari: malam-buɗe-littafin filayen ciyawa

Firitilari suna ne da masana ƙwari suka raɗa wa wani rukunin malam-buɗe-littafi masu fukafukai ruwan lemo da ɗigo-ɗigon baƙi. Asalin kalmar Latin ce, fritillus, wato ƙoƙon da ake kaɗa ƙwayar caca a ciki. Wanda ake nufi idan ana maganar filayen doguwar ciyawa na Amurka shi ne Speyeria idalia, mai faɗin fukafukai santimita 7 zuwa 10.

In za a gane shi, fiffiken baya ake duba, domin na gaba bai bambanta sosai da na danginsa ba. Na bayan baƙi ne mai sheƙin shuɗi kamar karammiski, da layi biyu na ɗigo. A jikin mace duka layukan farare ne, a jikin namiji kuwa layin waje ruwan lemo ne. Idan ya naɗe fukafukai a kan fure, ƙasansu ruwan ƙasa ne da manyan ɗigo masu ƙyallin azurfa. Daga nesa akan ɗauke shi monak, wani nau'in malam-buɗe-littafin daban, amma shi monak fiffikensa na baya ruwan lemo ne mai baƙaƙen jijiyoyi.

Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen tsiron Viola, saboda haka ciyawa kaɗai ba ta isa ba. Sau ɗaya yake hayayyafa a shekara. Maza kan fito a tsakiyar Yuni, mata su biyo baya, amma sai ƙarshen Agusta mace ke fara zuba ƙwai, ɗaiɗai, a busasshiyar ciyawa kusa da tsiron. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta kwanta cikin dattin ganye duk hunturu ba ci, sai bazara. A nan matsalar take: in aka cinna wa fili wuta gaba ɗaya, tsutsotsin sun ƙone ke nan, in an daina ƙonawa sam, bishiyoyi su mamaye wurin. Shi ya sa ake ƙona wani yanki kawai, a bar sauran su huta.

A da ana samunsa tun daga jihar Maine a gabashin Amurka har jihar Kolorado a yamma. Noma ya cinye filayen, yanzu ya fi yawa a jihohi irin su Kansas, Nebraska da Missouri. A gabas kuwa sauran nasa na filin atisayen soja na Fort Indiantown Gap a Pensilbaniya, inda motocin yaƙi da ƙonawa bi da bi suka hana daji rufe ciyawar.