Ƙurar Dutse da Huhun Mai Fasa Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa dutse ya san farar ƙurar nan da ke lulluɓe mutum har gashin ido. Ma'aikata kan kakkaɓe ta, su wanke fuska, su ce shi ke nan. Wadda ake kakkaɓewa ai da sauƙi, hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Abin tsoro shi ne 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani, masu daɗewa suna yawo a iska, su zarce can ƙasan huhu su zauna.

Sinadarin da ke cikinsu shi ake kira silika. A dutsen yashi yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, a dutsen giranit wajen kashi 30, dutsen farar ƙasa kuwa kaɗan ne a cikinsa. Idan ya shiga huhu, jiki ba ya iya narkar da shi, sai tabo ya yi ta taruwa har huhun ya sandare. Cutar silikosis ke nan. Yawanci sai bayan shekara 10 zuwa 20 take bayyana: tari marar ƙarewa, haki a ɗan hawan da da ba a jin sa, rama. Ba ta da magani, kuma takan ci gaba ko da mutum ya bar aikin. Tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. A 1997 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu.

Idan ƙurar ta yi yawa ƙwarai, ba ta jiran shekaru masu yawa. A farkon shekarun 1930, a jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, an haƙa ramin Hawks Nest ta cikin dutse mai silika sosai, ana huda shi a bushe. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasu cikin 'yan shekaru kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, tun a lokacin an san cewa ruwa na kwantar da ƙura.

Har yau kuma ruwan ne babbar kariya. A jiƙa inda ake huda dutse, a sa abin feshi a bakin injin niƙa da wurin da tsakuwa ke zuba, a riƙa yayyafa wa hanyar da tifa ke bi. Kada a share ƙura a bushe, kada a hure tufafi da iskar kwamfaresa. Takunkumi na biye, amma na gaskiya, irin N95 ko FFP3, wanda ya kama fuska sosai. 'Yan'uwana ma'aikata, ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare mafi yawan wannan ƙura, hankali kawai yake kwantarwa. A canza kayan aiki kafin a tafi gida, don kada yara su shaƙi abin da uba ya kwaso. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a auna majinarsa, a ɗauki hoton ƙirji, kuma ya faɗa wa likita aikin da yake yi, domin sau da yawa akan ɗauki silikosis a matsayin tarin fuka kawai.

Wannan duka nauyi ne a wuyan mai wurin kafin kowa. Lebura ba shi zai sayo tankar ruwa ba.

Ƙara ma tana nata ɓarnar a hankali. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, to ƙarar ta kusa ko ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, a toshe kunne. Hular kwano, tabarau da takalmi mai ƙarfe a baki ba sa bukatar dogon bayani.

Nakiya kuwa sai wanda aka horar kuma yake da izini. A tsayar da lokacin tashinta, maƙwabta su sani, a busa jiniya, a tare hanyoyi, domin ɓaraguzan dutse na iya tashi mita ɗaruruwa. Ramin da aka sa wa nakiya bai tashi ba kada a rugo a leƙa shi. Bayan ruwan sama mai yawa a duba bangon dutse kafin kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Sai kuma abin da ake bari a baya. Ramin da aka gama da shi yakan cika da ruwa mai zurfi da sanyi, gefensa a miƙe, yaro ya shiga iyo ya kasa fitowa. A katange shi tun ana aiki, a kafa alamar gargaɗi mai hoto don wanda bai iya karatu ba. Ruwan wankin dutse a tara shi a kududdufi laka ta kwanta kafin ya gangara rafi, a kuma sake amfani da shi wajen feshi. Baƙin mai a zuba a duro. Ƙasar saman da aka kankare ranar farko a tara ta gefe guda a shuka mata ciyawa don kada ruwa ya tafi da ita, saboda ita za a mayar a dasa itatuwa a duk ɓangaren da aka gama fasawa, ba sai an jira ranar rufe wurin gaba ɗaya ba.