Kashi 80 marar isnadi: waiwaye kan rigimar rajistar masu laifin lalata a Amurka

Duk lokacin da wata kotu a Amurka ta soke wani sashe na dokar rajistar masu laifin fyaɗe da lalata, sai hayaniya ta tashi. Wasu su ce alƙalai sun zama lauyoyin masu fyaɗe, wasu su ce wannan wani sabon yayi ne da ya faɗo daga sama. Ba na mamakin fushin. Duk mai 'ya ko ƙanwa ya san abin da kalmar fyaɗe take yi wa zuciya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan taƙaddama ta haura shekara ashirin tana dahuwa kafin ta kai inda take yau.

Farkon labarin sananne ne. Jihar Kalifoniya ta buɗe irin wannan rajista tun 1947, amma littafi ne na 'yan sanda, ba na kowa da kowa ba. A 1989 aka sace wani yaro ɗan shekara 11, Jacob Wetterling, a jihar Minesota, kuma dokar tarayya ta 1994 mai ɗauke da sunansa ta nemi kowace jiha ta buɗe rajista. A cikin shekarar ce wani maƙwabci, wanda aka taɓa ɗaurewa kan irin wannan laifi, ya kashe Megan Kanka mai shekara 7 a New Jersey. Iyayenta suka ce da sun san tarihinsa da ba ta kusanci ƙofarsa ba, don haka a 1996 aka yi dokar da ta ce a sanar da jama'a. A 2006 dokar Adam Walsh ta raba mutanen gida uku: masu shekara 15 a rajista, masu 25, da masu zama har mutuwa, ta kuma shigo da wasu yara daga shekara 14. Kowace doka da sunan yaron da aka kashe a goshinta. Wane ɗan majalisa ne zai ɗaga hannu ya ce bai yarda ba?

Haka littafin 'yan sanda ya koma shafin intanet mai hoto da adireshi, kuma yawan mutanen da ke ciki ya taɓa kaiwa wajen 900,000. A cikinsu akwai mugaye na gaske, waɗanda babu mai hankalin da zai so su kusa da makaranta. Akwai kuma ɗan shekara 19 da ya yi tarayya da budurwarsa 'yar 15, da wanda ya yi laifinsa yana yaro shi ma, da dattijon da ya gama wa'adinsa shekara talatin da suka wuce. An yi musu kuɗin goro.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ranar 5 ga Maris, 2003. A ranar Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Smith da Doe. (Doe ba sunan kowa ba ne, kamar mu ce Wane ne, don a sakaya mai ƙara.) Wasu maza biyu a jihar Alaska an same su da laifin lalata da ƙananan yara, sun yi zaman gidan yari, sun fito a 1990. Jihar ba ta yi dokar rajista ba sai a 1994, amma ta ce har da su. Suka ce tsarin mulki ya hana a ƙara wa mutum horo da dokar da aka yi bayan ya aikata laifinsa. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya. Tambayar da ta rage guda ce: shin rajista horo ce, ko kuwa tsari ne na kare jama'a, irin na lasisi da riga-kafi?

Alƙalai shida suka ce ba horo ba ce, uku suka saɓa. Masu rinjaye suka kwatanta sa sunan mutum a intanet da zuwa ɗakin ajiye takardun kotu a duba abin da dama ba ɓoye yake ba. Suka kuma lura cewa dokar Alaska ba ta hana kowa zama ko aiki inda ya ga dama ba. A dokar da ke gabansu a lokacin, hakan gaskiya ne. Sai dai da zarar an ce abu ba horo ba ne, duk katangar da tsarin mulki ya gina wa wanda ake horarwa ta faɗi: ana iya waiwayar da dokar baya, ana iya ƙara mata nauyi kowace shekara, ba kuma sai an tsaya an auna haɗarin kowane mutum shi kaɗai ba.

Hujjar da ta tallafi wannan matsayi ita ce cewa haɗarin waɗannan mutane su sake laifi abu ne mai yawa kuma mai ban tsoro. Kalmomin an ɗauko su ne daga wani hukunci na 2002 kan wani fursuna a jihar Kansas, inda aka ce an ƙiyasta cewa waɗanda ba a yi wa jinyar gyaran hali ba, masu sake laifi a cikinsu kan kai kashi 80 cikin 100. A nan ne tarbiyyar malaman hadisi take da amfani, domin su ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. A 2015 wasu masana biyu, Ira Ellman da Tara Ellman, suka bi isnadin wannan adadi. Hukuncin 2002 ya dogara da wani littafin jagora na 1988 da aka rubuta don masu aikin gyaran hali a gidajen yari. Shi kuma littafin madogararsa guda ce: wata maƙala ta 1986 a mujallar da ake rubutawa don gama-garin masu karatu, ba ta bincike ba. Marubucin mai ba da shawara ne da ke gudanar da shirin jinya a wani gidan yari na jihar Oregon, yana bayyana amfanin irin aikinsa. Jimla ɗaya ce, babu bincike a bayanta, babu ko manazarta. Daga baya shi kansa ya fito ya ce adadin ba abin gina doka a kai ba ne. A lokacin da masanan suka ƙirga, kalmomin nan sun riga sun bayyana a hukunce-hukunce 91.

Ni ban ga maƙaryaci a cikin wannan sarƙa ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Kowa ya karɓa daga wanda ya gabace shi da zuciya ɗaya, saboda maganar ta yi daidai da abin da al'umma gaba ɗaya ta riga ta yi imani da shi. Adadin da ya saɓa wa tsoronka shi kake bincika. Wanda ya dace da shi kuwa, sai ka ba shi tabarma.

Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 2003 hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fitar da sakamakon bin sawun mutum 9,691 da aka sako a 1994 daga jihohi 15. Cikin shekara uku, kashi 5.3 ne aka sake kamawa da laifin lalata. Wani binciken hukumar na 2019, wanda ya bi mutane tsawon shekara tara, ya samu kashi 7.7. Dole a faɗi gaskiya: waɗannan alƙaluma na waɗanda aka kama ne kawai, kuma fyaɗe laifi ne da sau da yawa ba ya kaiwa caji ofis, a can ma kamar a nan. Ainihin adadin ya fi haka. Amma tsakanin 8 da 80 akwai tafiya. Ita dai hukumar ta nuna tun 2000 cewa a cikin yaran da aka kai rahoton cin zarafinsu, kashi 7 ne kacal baƙo ya yi musu; sauran dangi ne ko idon sani. Rajista tana sa ido a kan ƙofar gida, alhali ɓarnar ta fi yawa a tsakar gida.

Bayan 2003 jihohi da ƙananan hukumomi suka shiga gasa. Dokar jihar Ayowa ta 2002, wadda ta kankama a 2005, ta hana zama kusa da makaranta ko gidan raino da tazarar ƙafa 2,000, har mutane suka koma kwana a mota da tashoshin manyan motoci, 'yan sanda suka rasa inda da yawansu suke. Ƙungiyar masu gabatar da ƙara ta jihar, ba lauyoyin masu laifi ba, ita ce ta nemi a janye dokar a 2006, aka sassauta ta a 2009. A yankin Mayami na jihar Florida tazarar ƙafa 2,500 ce, wato kimanin mita 760, abin da ya sa kusan babu gidan da ya rage. Mutum sama da ɗari suka tare a ƙarƙashin wata gada har zuwa 2010. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, domin wanda ba shi da gida ba shi da aiki ya fi wuyar sa wa ido. A jihar Maine kuma, a 2006, wani saurayi ya ɗauki adireshi daga rajista ya bi mutum biyu har gida ya harbe su.

Daga nan ne masu adawa suka samo asali. Yawancinsu ba 'yan boko masu taurin kai ba ne. Uwaye ne da matan aure da 'ya'yan waɗanda ke rajista, waɗanda su ma ake kora daga haya ake tsangwama a makaranta. Ƙungiyar neman gyaran waɗannan dokoki da yanzu ake kira NARSOL ta faro a 2007, shekarar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da dogon rahoto a kan lamarin. Akwai makamanciyarta, ACSOL, a Kalifoniya, ga kuma lauyoyin ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka. Muryar da ta fi nauyi kuwa ta Patty Wetterling ce, mahaifiyar yaron da dokar farko ta ɗauki sunansa, wadda ta sha faɗin cewa abin da suka nema kayan aiki ne ga 'yan sanda, kuma dokokin sun yi nisan da ba su nufa ba, musamman a kan yara.

Dabararsu a kotu ba ta musun hukuncin 2003 ba ce kai tsaye. Cewa suke yi: dokar yau ba ita ce aka duba a lokacin ba. Kotun ƙolin Alaska kanta ta yanke a 2008 cewa a ƙarƙashin tsarin mulkin jihar, rajistar horo ce. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar Mishigan, da ta ƙara haramcin kusantar makaranta da ƙafa 1,000 da tilasta kai rahoto ido da ido, ta mai da mutane tamkar kutare a cikin al'umma, don haka ba za a waiwayar da ita baya ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta soke dokar North Carolina da ta hana su shafukan sada zumunta. Mai ƙarar an kama shi ne don ya gode wa Allah a Facebook bayan an yafe masa tarar hanya. A majalisa ma an ɗan motsa: daga 2021 Kalifoniya ta daina sa kowa da kowa har mutuwa, ta ba wasu damar neman fita bayan shekara 10 ko 20. A 2022 Cibiyar Shari'a ta Amurka, taron manyan alƙalai da lauyoyi, ta ba da shawarar rajista ta koma hannun jami'an tsaro, kusan yadda Birtaniya take yi tun 1997.

Mu ma abin ya shafe mu, tunda Najeriya ta ƙaddamar da rajistarta ta ƙasa a Nuwamba 2019 a ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015. Sai dai ciwonmu daban ne: a nan ana rufa asiri a sasanta a zaure, shari'ar ma ba ta kai ga hukunci balle suna ya shiga littafi.

A can kuwa tsugune ba ta ƙare ba. A 2016 an yi dokar da ta sa alama a fasfon wasu daga cikinsu, kuma a 2024 kotun ƙolin Pennsylvania ta ƙi amincewa da hujjar masana ta bar dokar jihar a tsaye. Da Mishigan ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar shari'ar a 2017, don haka hukuncin 2003 yana nan daram, lauyoyi kuma na bin jihohi ɗaya bayan ɗaya, sashe bayan sashe.